Awa Goma Tsakaninmu da Sule

Akwai maganar da ke yawo a gidan nan tun shekarar da uwarku ta rasu. Ana cewa na yi gaggawar binne Memuna don kada Sule ya gan ta. Wasu sun ce taurin kai ne, wasu sun ce tsoron bakin liman. Jikokina sun taso sun tarar da maganar, har ɗayansu ya tambaye ni ko da gaske ne ba na son kawunsu na Amurka. Ban amsa masa ba. Yau zan amsa, sau ɗaya, ba zan sake ba. Ni ban yi makaranta ba. Rabi, ƙanwar Sule, ita ke rubutawa, kuma na gaya mata ta sa yadda na faɗa, kada ta zuba masa sukari.

Aikina tuƙi ne. Goro nake ɗauka daga Kumasi, in kai Legas, in kai Kano, wani lokaci in yi arewa da katako in dawo da albasa daga Bawku. Ni da kwana nake auna nisa. Legas kwana biyu ce idan mutanen boda sun tashi da fara'a. Kano kuma sai yadda Allah ya yi da taya. Jirgin sama ban taɓa hawa ba, har yau. Filin jirgin ba shi da nisa da mu, daga unguwarmu ta Akwatialine muna jin tashinsu da saukarsu, amma a wurina ƙara ce kawai, kamar ta injin niƙa.

Sule ne ɗanmu na fari. Uwarku 'yar tsohon gida ce, irin waɗanda ba sa kama sunan ɗan fari. Tun yana goye ban taɓa jin ta ce Sule ba. Yana ƙarami "yaron nan" take cewa. Da ya tafi Amurka sai ya zama "mutumin can". Ya tafi da ƙuruciyarsa, takardarsa ta izinin zama ta ƙare, ya zauna yana tuƙa tasi a New York. In ya fito ba zai koma ba, don haka bai fito ba. Aka yi auren Rabi ba ya nan. Kakarsa ta rasu ba ya nan. Ya yi aure can, ya haifi 'ya'ya, mu dai sai murya a waya. Ko wayar ma uwarku ba ta daɗewa a kai. Ta ce lafiya, ta ce Allah ya tsare, ta miƙa wa Rabi. Amma akwai tsohon agogon bango a ɗakinta da ta sa Rabi ta saita mata shi a kan lokacin can. Duk baƙon da ya shigo sai ya ce agogonku ya lalace. Ita kuwa ta ce a bar shi haka. Da shi take sanin ko mutumin can ya tashi, ko ya kwanta, ko lokacin sallarsa ya yi.

Shekara goma sha huɗu muna haka. Sai wata rana Sule ya kira.

"Baba, an ba ni takarda."

"Ta zama?"

"Ta zama. Yanzu in na ga dama yau sai in taho. Ka san awa nawa ne daga nan zuwa Ankara?"

Ankara dai babban birnin ƙasar nan, inda manyan jirage ke sauka. Na ce ban sani ba.

"Awa goma. Daga Ankara zuwa Kumasi kuma minti arba'in a ƙaramin jirgi."

"Ƙarya kake."

"Wallahi, Baba. Mil dubu biyar da ɗoriya ne, amma awa goma."

"Awa goma ko Bawku ban kai ba da lodi."

Ya yi dariya. Uwarku tana bakin murhu, ta ba mu baya, kamar ba ta ji. Can sai ta ce wa Rabi, "Tambaye shi, a cikin awa goman nan ana ba su abinci?"

Daga ranar maganar ta shiga gidan nan ta zauna. In Rabi ta makara daga gidanta na unguwar Tafo, uwarku ta ce mutumin can da ke bayan teku ma awa goma ne, ke torotoron Tafo, motar hayar nan, ta riƙe ki wuni guda. In maƙwabta sun yi mata jajen ɗa a nesa, ta ce wane nesa, in ya karya kumallo can a nan zai ci tuwon dare. Ni ma na faɗa a tashar mota, na faɗa a ƙofar masallaci. Muka jingina da maganar nan kamar bango. Sule ya ce zai zo da Babbar Sallah, shi da matarsa da yaran, ya yanka ragonsa a ƙofar gidan ubansa. Saura 'yan watanni.

Yanzu sai in koma baya kaɗan. Kun san aikin uwarku, amma ba ku san abin da ta gani ba. Ita ke wanke gawar mata a layinmu da layukan kusa, ita da ƙawarta Hawa. Ba ta karɓar ko sisi. Ana buga ƙofa, ta ɗauki kwandonta na tsumma da sabulu da turare, ta fita. Ta dawo ta yi wanka ta ɗora tukunya. Mutuwa ba ta ba ta tsoro. Maƙwabciyarmu Maame Yaa, 'yar Asante ce mai sayar da kifin sanyi, kullum suna tsokanar juna ta kan katanga.

"Ku mutanen Zango, mutum bai gama mutuwa ba kun rufe shi. In suma ya yi fa?"

"Ku kuma sai kun yi wa gida fenti, kun ɗinka atamfa, kun kira makaɗa. Mamacin yana firji wata uku yana jiran tela."

Su yi dariya, Maame Yaa ta miƙo mata kifi.

Wata shekara, tun kafin Sule ya samu takarda, mota ta kaɗe wata yarinya daga unguwar Ayigya Zango. Magana ta shiga hannun hukuma, gawar ta daɗe a ɗakin ajiye gawa na asibiti, wanda mu muke ce wa firji. Da aka sake ta, aka kira Memuna da Hawa. Ranar uwarku ta dawo ba ta shiga ɗaki ba. Ta zauna a dokin ƙofa, rana tsaka, ta cusa hannuwanta a hammata kamar mai jin ɗari. Ba ta ɗora tukunya ba. Na tsaya a kanta.

"Maigida, maza ne suka jawo ta. Ba ko zane a jikinta. Sun ɗaura mata lamba a yatsan ƙafa. Hannunta ya ƙi miƙewa, ruwan zafi muka yi ta zubawa. Ina shafa tsumma, fatar tana biyo shi."

Na ce Allah ya jiƙanta, Allah ya kiyaye.

"Ba addu'a na roƙe ka ba. Rantsuwa nake so. In na riga ka, kada ka bari in kwana a wurin nan. Rana ɗaya kada ta faɗi a kaina ina waje."

"To."

"Ba to ba. Ka rantse."

Na rantse da Allah. Ba ta taɓa roƙona zane ba, ba ta taɓa roƙona Makka ba. Na bar ta da yara da yunwa watanni ina kan hanya, na dawo ba ta ce uffan ba. Wannan kaɗai ta nema a zamanmu. Kuma rantsuwar ba ta yi min nauyi ba a lokacin, don Sule ba shi da takarda. Ba wanda za a jira.

Wata biyu bayan zancen awa goma, ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Aka kai ta asibiti, aka ba da magani, aka dawo da ita gida. Lokacin zafi ne, kafin ruwa ya sauka, kwanon ɗaki kamar tanda. Sule ya kira ya ce ko ya taho. Na shiga na gaya mata. Ta juya fuska bango.

"Ka ce masa kada ya zo ya same ni kwance ina warin magani. Bayan shekarun nan ba haka zai gan ni ba. Ya bari in tashi. Ya zo da Sallah yadda ya ce."

Na gaya masa. Ya ce, "Baba, ka tabbata?"

"In abu ya yi tsanani ni da kaina zan kira ka."

"To. Ai awa goma ne."

A cikin jinyar sau ɗaya ta tayar da zancen rantsuwa. Ina yi mata fifita, ta ce, "Ka tuna?" Na ce na tuna. Na ce to shi fa, yanzu da yake da takarda? Ta dubi agogon bango. Ta ce, "In ka ga na fara tafiya ka kira shi. Zai same ni da rai." Ku ji wannan da kyau. Ita ma ta yarda da lissafin. Mu uku muka yarda da shi.

Abin bai yi tsanani ba. Sauƙi ma ta samu. Ranar Litinin ta tashi zaune, ta ci tuwo da miyar kuka, ta sa Rabi ta yi mata kitso. Ta sa aka kira mai fenti ya gama ɗakin da Sule zai sauka, ta ce shuɗin ya yi duhu, a ƙara masa fari. Ranar Talata na tafi sallar asuba na bar ta tana alwala. Na dawo na same ta zaune a kan darduma, ta jingina da gado, carbi a cinyarta. Na yi mata magana sau biyu. Na taɓa wuyanta. Na rufe mata ido, na fita na buga ƙofar Hawa.

Rabi ce ta kira Sule. Yana kan aiki, can dare ne. Na ji kukansa daga wayar tun daga tsakar gida. Ya kashe. Hantsi bai gama fitowa ba ya sake kira, muryar ta bushe.

"Baba, na samu kujera. Jirgin zai tashi yau da dare."

"Darenku ko namu?"

"Namu, na New York."

Na dubi agogon uwarku. Can gari bai ko waye ba. Rabi ta yi min lissafi da yatsu tana kuka. Darensu, mu nan an kusa asubar Laraba. Sai awa goman. Ya sauka Ankara da ranar Laraba, ya bi layi, ya jira kaya, ya jira ƙaramin jirgi. In komai ya tafi daidai zai shigo gida wajen magaribar Laraba. In duhu ya yi, sai safiyar Alhamis a rufe ta.

Na ce, "Sule, ina awa goman?"

"Awa goma a sama ne, Baba."

Ni direba ne. Na sha kwana uku a shagon goro ina jiran lodi, kuma in an tambaye ni Legas in ce kwana biyu ce. Na san hanya ba ta fara ƙirga sai mota ta tashi. Na san wannan tun kafin a haife shi. Ban taɓa kawo wa raina cewa jirgi ma yana jiran lodi ba.

"Kwana ɗaya nake roƙo. Ku kai ta asibiti su ajiye ta. Ko nawa ne zan biya."

"Ta hana."

"Baba, Mma ta rasu. Ba ta jin sanyi."

"Na rantse mata."

"Shekara goma sha huɗu ban ga fuskarta ba. Ka ce min za ka kira ni."

"Ga shi na kira."

Ban san wata amsa ba. Ita na bayar.

Masu cewa liman ne ya matsa min, su daina. Malam Isiyaka ya zo tun da safe, ya ja ni gefe bayan ya ji abin da ake ciki. Ya ce, "Garba, gaggauta jana'iza shi ne sunna, amma in ka jira ɗanka kwana ɗaya ba ka yi haram ba. Rantsuwa kuma tana da kaffara. Ka ciyar da miskinai goma, shi ke nan." Na ce, "Malam, wannan tsakanina da Allah ke nan. Tsakanina da ita fa? Wa zan ciyar?" Ya dafa kafaɗata ya koma cikin maza. Mutumin kirki ne, ya riga mu gidan gaskiya, kada a ɗora masa abin da bai yi ba.

Rabi ta durƙusa ta riƙe min ƙafa. Ga ta nan tana rubutu, ba ta musa ba. Ta ce Yaya zai mutu da abin nan a ransa. Ta ce da Mma ta san haka za ta kasance, da ta warware min rantsuwar. Na ce wataƙila. Amma ba ta warware ba, kuma ba ta nan balle in tambaye ta. Maame Yaa ta shigo da baƙin zane, tana cewa "due, due", gaisuwar mutuwa ta mutanensu, hawaye na zuba. Ta ji rigimar. Ta ce ba sai an je asibiti ba, tana da manyan ƙanƙara a shago, a jera su kewaye da gado, a rufe taga, za ta kai gobe. Da zuciya ɗaya ta faɗa. Na ce mata matata ba kifi ba ce. Ta fita. Bayan arba'in na je na ba ta haƙuri, ta karɓa, amma ba ta sake miƙo komai ta kan katanga ba.

Hawa ba ta sa baki ba. Ta hura wuta, ta ɗora ruwa, ta ɗauko kwandon Memuna daga inda yake rataye. Da ta fito daga ɗakin ta tsaya a gabana tana goge hannu.

"Na wanke ta da sauran ɗumi a jikinta. Ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan."

Aka ce a yi sallah bayan azahar. Na ce a bari sai la'asar. Ban san me nake jira ba. Jirgin bai ma tashi ba. Na shiga na zauna kusa da ita, zufa na bin bayana, agogon nan yana ta bugawa. Rabi ta shigo da waya ta ce Yaya yana roƙon a nuna masa fuskarta ta hoto mai motsi. Uwarku ba ta taɓa yarda a ɗauki hoton gawa a gabanta ba. Na yarda. Hawa ta buɗe likkafani daidai fuska, Rabi ta kara wayar. Na ga Sule a ciki, ƙarami kamar ɗan yatsa, a zaune cikin mota. Ya daɗe yana kallo.

"Rabi, matso da ita."

Ta matso.

"Wannan ba Mma ba ce."

Ya bar mace mai jiki, baƙa, mai ƙarfin ɗaga buhun masara. Wadda ke cikin likkafanin tsohuwa ce da ciwo ya cinye. Rabi ta ce ita ce, Yaya, kalli tsagen kumatunta. Ya kashe wayar.

Bayan la'asar muka kai ta maƙabartar Tafo. Mata sun cika layi har bakin titi, duk gidan da ta taɓa wanke wa uwa ko 'ya sun fito. Ni na shiga ramin na karɓe ta. Ba nauyi. Muna tura ƙasa ƙaramin jirgin Ankara ya tashi ya bi ta kanmu. Wasu suka ɗaga kai. Ni ban ɗaga ba. Rana ba ta faɗi a kanta tana waje ba.

Sule ya iso Laraba, ana shirin kiran magariba. Tasi ta tsaya, wani mutum mai furfura a gemu ya fito da manyan akwatuna biyu. Sai da ya ce "Baba" na gane shi. Shi kaɗai ya zo. Akwatunan tsarabar Sallah ce da ya daɗe yana tarawa: atamfofi, mayafai, takalman roba masu laushi saboda kumburin ƙafa, da na'urar auna jini. Ya gaisa da maza a ƙofar gida, bai shiga ba. Ya ce a kai shi. Muka tafi mu biyu da sauran haske. Ƙasar kabarin ba ta bushe ba, ganyen da aka ɗora bai gama yaushi ba. Ya tsuguna ya yi addu'a, ya daɗe. Sannan ya yi magana, bai dube ni ba.

"Yaushe kuka rufe ta?"

"Jiya bayan la'asar."

"Ina ɗaki ina haɗa kaya." Ya ɗebi ƙasa ya murza. "Kwana ɗaya, Baba."

"Na rantse mata."

"Ni ɗanta ne."

"Na sani."

"Ta taɓa faɗin sunana? Ko sau ɗaya?"

"A'a."

"Ko a ƙarshe?"

"Ba kowa a wurin a ƙarshe."

Daga baya Rabi ta ce da na yi masa ƙarya. Ban iya ba. A kan kabarinta muke.

Bai kwana a ɗakin da aka yi wa fenti ba. Gidan Rabi ya sauka. Ya zauna cikin masu karɓar gaisuwa har sadakar uku, yana amsawa da kai. Washegari ya zo ya tsaya a ƙofa da ƙaramar jaka. Akwatunan ya bar su a tsakar gida, ya ce a raba wa mata. Ya ce min, "Allah ya ba mu haƙuri," yadda ake gaya wa maƙwabci. Na ce amin. Na so in ce ya shiga ɗakinta ya ga agogon. Tasi ta tafi. Da rana na ji ƙaramin jirgin ya tashi.

Tun daga nan bai dawo ba. Babbar Sallah ta zo, ni na yanka ragon. Wasu Sallolin sun zo sun wuce. Yana aiko wa Rabi abin sayen maganina, ba ya fashi, ba zan ci amanarsa ba. Da Sallah yana aiko saƙon murya ya ce a gaida mutanen gida. Ni ina cikin mutanen gida. 'Ya'yansa sun girma, ban taɓa ɗora hannu a kan ɗayansu ba. Da ba shi da takarda, kowane mako sai mun yi magana. Yanzu yana da takarda, jirgi yana tashi kullum, kuma ya fi nisa da lokacin da ba zai iya fitowa ba. Na kira shi sau biyu a shekarar farko. Ya ɗauka, ya ce yana da fasinja. Ban sake ba. Ni ma ba na roƙo.

In kuna jira in ce na yi kuskure, ba za ku ji ba. Da za a mayar da ni ranar Talatar nan, da na sake binne ta bayan la'asar. Mace ta wanke matattun mutane shekara da shekaru, ta rufa musu asiri, ta nemi abu ɗaya. Ba zan miƙa ta ga maza su jawo ta tsirara ba. Na san abin da na biya. Ina biya har yau. Abin da nake so ku sani, kuma shi ya sani in takardar nan ta kai hannunsa, ban yi don in hana shi ba. Ɗakinsa yana nan da shuɗin da ta zaɓa, ba wanda ya taɓa kwana a ciki. Takalman roban suna ƙarƙashin gadonta, ban bari an bayar ba. Agogon yana tafiya. Ni nake canza masa batir.

Yanzu ƙafafuna ne suka fara kumbura. Likita ya yi ta kewaye-kewaye, na ce ya bari, na gane. Don haka ga abin da nake so, kuma na gaya wa sabon liman a gaban shaidu. Ni ba wanda ya rantse min, ban kuma nema ba. In na mutu, ku kai ni firji. Su jawo ni yadda suke jawowa, su ɗaura min lambar. Ku kira Sule, ku gaya masa ana jiransa. Kada ku ce masa awa goma. Ku ba shi kwana biyu cikakku, da jiran jirgin, da layin Ankara, da komai. In ya zo, ku buɗe masa fuskata ya gani da idonsa, ko zai gane ni ko ba zai gane ba. In bai zo ba, rana ta uku ku fitar da ni, ku zuba ruwan zafi har hannuna ya miƙe, ku kai ni Tafo. Kada wanda ya yi masa gori.

Rabi ta ajiye biro. Ta ce in bari ta kira shi yanzu, tun ina da rai, mu yi magana. Na duba agogon uwarku. Can yana kan aiki, yana da fasinja. Na ce ta ɗauki biron ta rubuta abin da na ce.